Matambayi Ba Ya Ɓata: Ta Wace Ƙofa Ake Shiga Hukumar Daraktocin Kamfani?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Alhaji. Allah Ya ƙara lafiya da nisan kwana. Ni ne shugaban sashen tsare-tsare da dabarun kasuwanci a wani kamfanin sarrafa abinci. Shekaruna 51. Na fara aiki a banki, na koma kamfanin sadarwa, sannan na dawo nan. Duk wani tsarin shekara biyar da hukumar daraktocinmu ta sa wa hannu, daga teburina ya fito. Ina da digiri na biyu a harkar kasuwanci, na kuma je Legas na yi kwas ɗin daraktoci da kuɗin aljihuna. Amma har yau babu kamfanin da ya taɓa kirana ya ce ga kujera, alhali ina ganin waɗanda ban san da me suka fi ni ba suna zaune a hukumomi biyu ko uku. Na aika takarduna wurare da dama, shiru kake ji. Shin sai da ubangida ne? Me zan yi kafin ritaya ta cim mini?

Mai karatu daga Kaduna

AMSA

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Malam, na gode da wasiƙarka. Zan ba ka amsa yadda zan ba ƙanena uwa ɗaya uba ɗaya, don ba duk abin da zan faɗa ne zai yi maka daɗi ba.

Ubangida yana aiki, ba zan ɓoye maka ba. Mafi yawan rayuwata ta aiki na yi ta ne ina sakataren kamfani, ni ke rubuta abin da aka tattauna a zaman daraktoci, kuma na ga kujerun da aka bayar don abota, don surukuta, don biyan bashin siyasa. Amma ba rashin ubangida ne ya tare maka hanya ba. Abin da ya tare ta shi ne irin kallon da daraktoci suka saba yi wa mai aiki irin naka.

Ka tuna yadda ranar zama take. Kana ɗakin jira da kwamfuta a cinya, shayin da aka kawo maka har ya huce, sai sakatare ya leƙo ya ce an zo kan batunka. Ka shiga, ka jona waya a allo, ka yi bayanin rabin awa: kasuwa ta nufi nan, abokan gasa sun yi kaza, ga hanyoyi uku, ga wadda muke ganin a bi. A yi maka tambaya biyu ko uku, ciyaman ya ce an gode, ka naɗe wayarka ka fita. Abin da ke biyo bayan rufe ƙofar nan shi ne ba ka taɓa gani ba. A lokacin ne wani dattijo zai cire tabarau ya juya wajen manajan darakta ya ce, "To, wa zai ɗauki wannan? Idan kuɗin nan bai dawo ba, wuyan wa za mu kama?" Sunan da ake ambata a nan ba naka ba ne. Na daraktan kuɗi ne, ko na mai riƙe da masana'anta, ko na mai kula da sayarwa. Su ake tsarewa da ido duk wata uku, su aka ga yadda suke yi idan ciniki ya faɗi ko banki ya matsa. Kai kuwa an san kana da kai, an san ka iya tsara magana, amma ba a taɓa ganinka ranar da abu ya ɓaci ba.

To waɗannan dattawan su ake bugo wa waya idan gurbi ya samu a wani kamfanin, a ce su kawo suna. Tambayar farko da na sha ji a irin wannan tattaunawa ita ce, "Me ya taɓa riƙewa?" Duba waɗanda suka yi suna a wannan fage. Alhaji Umaru Mutallab akanta ne, ya yi minista a shekarun 1970, ya riƙe bankin UBA, kafin ya zama shugaban hukumar First Bank har zuwa 2009, ya kuma jagoranci hukumar bankin Jaiz. Lokacin da Dangote Cement ya so ƙara wa hukumarsa nauyi a 2018, ya ɗauko Mick Davis, wanda ya shugabanci babban kamfanin haƙar ma'adinai na Xstrata, da Cherie Blair, babbar lauya a Ingila. Ɗaya ya riƙe kamfani, ɗaya tana da fanni guda da ba a jayayya da ita a kansa. Mai tsare-tsare yakan faɗa tsakanin waɗannan biyun, bai riƙe ba, kuma fanninsa kowa na ganin ya san shi.

Wannan magana ta ƙarshe tana son bayani. A kamfanin da ke bin ƙa'ida, akwai kwamitin da ke kula da naɗe-naɗe a cikin hukumar. Kafin a nemi sabon mutum, ni ake sawa in zana takarda guda: sunayen daraktoci a jere daga sama zuwa ƙasa, fannoni kuma a kwance a sama, kuɗi, shari'a, haɗarin kasuwanci, fasahar zamani, harkar gwamnati, masana'anta, tsare-tsare. Kowa ya sa alama a inda yake ganin ya ƙware. Layin da ya fito wayam, shi ne mutumin da za a nema. Ban taɓa ganin layin tsare-tsare ya fito wayam ba, domin duk wanda ya taɓa shugabantar wani abu ya ɗauka ya san dabarun kasuwanci, kuma yawanci yana da gaskiyarsa. Idan ka gabatar da kanka da wannan suna kaɗai, kana neman gurbin da a ganinsu ya riga ya cika. Ka ƙara da cewa Kundin Ƙa'idojin Shugabancin Kamfanoni na 2018, wanda hukumar FRC mai kula da ƙa'idojin rahoton kuɗi ta fitar, kwamitoci huɗu ya ambata: na naɗe-naɗe da shugabanci, na albashin manya, na binciken kuɗi, da na kula da haɗari. Wasu kamfanoni kan ƙara na kuɗi da tsare-tsare, amma abin da za a tambaya a kanka shi ne a wanne daga cikin huɗun nan za ka iya zama ka yi amfani tun daga zaman farko.

Takardun da kake aikawa kuwa, sashen ma'aikata suke faɗawa, kuma sashen ma'aikata ba shi da ta cewa a naɗin darakta. Sunaye daga wurare uku suke zuwa: bakin daraktocin da ke kai, bakin manyan masu hannun jari, da kamfanonin da ake biya su nemo manyan ma'aikata. Hukuma ta zaɓa, sannan a kai sunan babban taron shekara na masu hannun jari su tabbatar.

Albishirin da zan yi maka shi ne doka ta buɗe ƙofofin da a da suke rufe. Dokar Kamfanoni ta 2020, wadda aka fi sani da CAMA, ta hana mutum ɗaya zama darakta a fiye da kamfanoni biyar masu PLC a ƙarshen suna, wato waɗanda jama'a ke iya sayen hannun jarinsu. Ta hana ciyaman ɗin irin wannan kamfani ya zama shi ne kuma manajan darakta. Ta wajabta wa irin wannan kamfani daraktoci masu zaman kansu, wato waɗanda ba su da alaƙar aiki ko ta kasuwanci da za ta ɗaure musu hannu, aƙalla uku, sannan gyaran da aka yi mata a 2023 ya mayar da adadin kashi ɗaya cikin uku na hukumar baki ɗaya. Su ma waɗannan ba sa dawwama: kundin 2018 ya ce kada su wuce wa'adi uku na shekara uku-uku, a bankuna kuma ƙa'idar Babban Banki ta 2023 ta tsayar da su a shekara takwas. Ma'ana, gurbi yana da ranar samuwa, kuma ranar a rubuce take. Ka sauke rahoton shekara na kamfanonin da ka san harkarsu, ka buɗe shafin daraktoci, ka duba shekarar da aka naɗa kowa. Wanda ya kai shekara bakwai a kujerar mai zaman kansa, ana nan ana tunanin magajinsa. Irin binciken da kake yi wa kamfaninka kullum ne, wannan karon ka yi wa kanka.

Sai dai ka cire kamfanin da kake aiki daga wannan lissafi. Ba za ka zama mai zaman kansa a can ba sai ka bar aiki da shekara biyu a ƙa'idar CAMA, shekara biyar a ƙa'idar kundin 2018. Hanyarka a gida ita ce a ɗaga ka zuwa darakta na cikin gudanarwa, kuma ita ma ba ta bi ta teburin da kake zaune yanzu.

Ga abin da nake so ka yi, kuma shi ne ƙashin bayan amsata. Ka je wurin manajan daraktanku ka roƙe shi ya ba ka wani abu ka riƙe, mai riba da asara a kanka. Sabon injin casar shinkafa ne, ko sayarwa a shiyyar Arewa maso Gabas, ko wani ƙaramin reshe da ke ta cin kuɗi kowa na gudunsa, ka karɓa. Abokan aiki za su ce an rage maka girma, an fitar da kai daga hedikwata an kai ka inda ake faɗa da direbobin tirela da masu kawo gas. Kada wannan ya dame ka. Shekara uku kana biyan albashin mutane daga abin da ka sayar, kana zama da manajan banki kan bashi, kana sallamar wanda ya ci amana, kana shiga gaban hukuma ba don ka kawo tsari ba sai don ka amsa dalilin da ya sa ba a cim ma abin da aka yi alkawari ba, waɗannan shekaru uku sun fi duk kwasa-kwasan da za ka yi nan gaba nauyi a ma'auninsu. A shekara 51 kana da lokaci, amma ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda ya bari sai ya yi ritaya sannan ya fara nema, yakan tarar waya ta daina ƙara tun wata shida da barin ofis.

Idan kamfaninku yana da rassa masu rajistar kansu, ka nemi a sa ka a hukumar ɗaya daga ciki kana wakiltar uwar kamfani. Wannan ita ce kujerar farko ta mafi yawan mutanen da na sani, kuma ita ce ta fi sauƙin samu. Sunanka zai shiga rajistar hukumar CAC mai yi wa kamfanoni rajista a matsayin darakta, za ka sa hannu a kan lissafin shekara, za ka ɗanɗana yadda ake zama a ɗaya gefen teburin.

Na biyu, lissafin kuɗi. Na san ka yi banki, amma karanta lissafi don ba da rance daban, karanta shi don ka sa hannu ka ce gaskiya ne daban. Ka tuna 2023. A farkon watan Yuni dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, kafin ƙarshen Fabrairun 2024 ta haura 1,500. MTN Najeriya, duk da cinikin da yake yi, ya rufe shekarar 2023 da asarar kusan naira biliyan 137, Nestlé Najeriya kuma da kusan biliyan 79, kuma babban dalili shi ne nauyin da ke kansu na kuɗin waje. Duk wannan yana nan a rubuce cikin bayanan da ke bayan lissafi tun kafin abin ya faru, a shafukan da yawancin mutane ke tsallakewa. Daraktan da ake so shi ne wanda zai buɗe wannan shafi ya ce, "Idan dala ta ninka, ina muka tsaya?" Nan ne ƙwarewarka ta hangen gaba za ta yi rana, idan ka ɗaura ta a kan alƙaluma. Da za ka tambaye ni, zan ce ka gina sunanka a kan kula da haɗari, ka bar kiran kanka mai tsare-tsare kawai.

Akwai wata ƙofa da mutanenmu ba su cika sani ba. Kowane kamfani mai PLC dole ya kasance da kwamitin binciken kuɗi na doka mai mutum biyar: biyu daga daraktocin waje, wato waɗanda ba sa cikin masu gudanarwa, uku daga masu hannun jari. Duk mai hannun jari yana iya tsayar da wani mai hannun jari, ta hanyar rubuta wa sakataren kamfani aƙalla kwana 21 kafin babban taro, a kaɗa ƙuri'a a zauren. Ba darakta ka zama ba, kuma doka ba ta yanka wa kujerar albashi ba. Ƙungiyoyin masu hannun jari na Legas sun daɗe da kama wannan fage, sai ka yi shiri da su. Amma wanda ya samu, zai zauna da daraktoci da oditocin waje, su ji irin tambayoyinsa shekara guda cur.

Sauran ƙananan kujeru zan wuce su da sauri: hukumar makaranta ko asibiti mai zaman kansa, ƙaramin bankin al'umma, kwamitocin ƙungiyar 'yan kasuwa ta KADCCIMA a nan Kaduna ko ƙungiyar masu masana'antu ta MAN, da kamfanonin da masu zuba jari suka sa wa kuɗi suna neman wanda zai zauna musu. Ma'aunin ɗaya ne: ana zama a kan lokaci, ana rubuta abin da aka yanke, odita na duba lissafi? Idan babu waɗannan, suna ne kawai, ba zai ƙara maka komai ba. Kamfanonin gado na Kano da Kaduna, waɗanda 'ya'ya suka fara karɓa daga hannun iyaye, da yawansu suna buƙatar mutum irinka, kuma ina ƙarfafa maka gwiwar taimaka musu. Sai dai ka fara a matsayin mai ba da shawara, har ka tabbatar Alhaji ya raba aljihunsa da asusun kamfani.

Kana da wata kadara da ba ka ambata a wasiƙarka ba, wataƙila don ka saba da ita. Manyan kamfanonin abinci da ke Legas da Ogun, masararsu da dawarsu da waken suyarsu daga Arewa suke fitowa, kuma kaso mai tsoka na masu sayen kayansu a nan suke. Amma a zauren hukumominsu ba kasafai ake samun wanda ya taɓa tsayawa a Dawanau ko Saminaka lokacin kaka ya ga yadda farashin buhu ke juyawa tsakanin safe da la'asar ba, ko wanda ya san yadda bashi ke tafiya tsakanin dila da ɗan kasuwar Singa ba tare da takarda ba. Da aka rufe iyakokin ƙasa a watan Agustan 2019, da kuma aka rufe ta Nijar bayan juyin mulkin Yulin 2023, wanda ya san hanyar Jibiya zuwa Maraɗi da kasuwar Maigatari ya riga kowa sanin abin da zai sami ciniki. Da ɗan gari akan ci gari. Amma ka kiyaye yadda za ka faɗe ta. Kada ka je da cewa babu ɗan Arewa a hukumarku, a ba mu kasonmu. Ka je da cewa ga abin da na sani wanda zai hana ku asara.

Yanzu maganar kunya. Mu an raine mu a kan cewa ba a neman girma, sai dai a kira ka a ba ka, kuma tarbiyya ce mai kyau da nake alfahari da ita. Amma a wannan harka, wanda bai faɗa ba ana ɗauka ba ya so ne ko aiki ya yi masa yawa. Faɗa ba roƙo ba ne. Ka fara da manajan daraktanku, domin ko an ba ka kujera a waje sai kamfaninku ya yarda, kuma ba za a bar ka ka zauna wa abokin gasa ba. Sannan ka zaɓi mutum huɗu ko biyar da suka ga aikinka da idonsu kuma suna zaune a hukumomi: tsohon maigidanka na banki, wani darakta da ya taɓa tsare ka da tambaya ya gamsu, babban odita, lauyan kamfani. Ka same su ɗaya bayan ɗaya ka ce, "Yallaɓai, nan da shekara biyu ko uku ina son in fara zama a hukuma, a fannin abinci da noma, a kwamitin haɗari. Me kake ganin ya rage mini?" Wanda ka nemi shawararsa ta gaskiya yakan tuna da kai ranar da aka ce ya kawo suna. Kuma kada ka raina sakatarorin kamfanoni. Ba mu ke zaɓa ba, amma mu ake fara tambaya ko mun san wani. Kwas ɗin da ka yi da zama ɗan Cibiyar Daraktoci ta Najeriya, wadda aka kafa a 1983, suna da amfani, musamman don mutanen da za ka haɗu da su, amma takardar shaida ba ta taɓa naɗa kowa ba.

Takardar tarihin aikinka ka sake ta, kada ta wuce shafi biyu. Cire jerin ayyukan ofis, ka sa hukunce-hukuncen da ka yanke ko ka tsaya a kai da abin da suka haifar, har da wanda ka hana a yi. Ranar da aka kira ka ganawa da ciyaman, ka bar allo da zane-zane a gida. Mai irin aikinka ya saba zuwa da amsa, darakta kuwa aikinsa tambaya ce, sannan ya bar masu gudanarwa su yi aikinsu. Ciyaman zai zuba ido ya ga ko za ka iya yin shiru, ko kuwa za ka zo ka zama manajan darakta na biyu.

Idan Allah Ya kawo kujerar, kada murna ta hana ka bincike. A CAMA, kulawar da ake nema daga daraktan waje daidai take da wadda ake nema daga na ciki, kuma rashin halartar zama ba tare da uzuri ba ba ya wanke ka daga abin da aka yanke. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. A 2006 aka gano an kumbura alƙaluman Cadbury Najeriya, hukumar SEC mai kula da kasuwar hannun jari ta hukunta kamfanin da wasu manyansa a 2008. A watan Agustan 2009 Babban Banki, a zamanin Sanusi Lamido Sanusi, ya sauke shugabannin bankuna biyar a rana ɗaya. Ranar 10 ga Janairun 2024 ya rushe hukumomin bankunan Union da Keystone da Polaris baki ɗaya. A irin wannan rana jarida ba ta tantance wanda ya yi magana a zama da wanda ya yi shiru, sunaye kawai take jerawa. Saboda haka kafin ka ce to, ka nemi lissafin shekara uku da wasiƙar da odita ya rubuta wa masu gudanarwa, ka nemi jerin shari'o'in da ke kotu da bashin haraji da na fansho, ka gana da daraktan kuɗi kai da shi, ka tambayi dalilin tafiyar wanda za ka gada, in da hali ka ji daga bakinsa. Ka tambaya ko akwai inshorar kare daraktoci. Idan banki ne, sai Babban Banki ya tantance ka, kuma bashin da ya lalace a kanka ko a kan kamfanin da kake da hannu a ciki ya isa ya hana ka kujerar ko ya tashe ka daga kanta, don haka ka share wannan tun yanzu. Kuɗin da za ka samu kuma na shekara ne da alawus ɗin zama, ba albashi ba ne, kada ka gina ritayarka a kansa. Daraktan da cefanen gidansa ya dogara da kujera ba ya iya cewa a'a. Allah Ya yi maka jagora.

TAMBAYA

Baba, barka da aiki. Ina aikin tsare-tsare a wani kamfanin sadarwa a Abuja. Wani kamfanin inshora ya yi mini tayin kujerar darakta mai zaman kanta, amma na ji a gefe cewa mace suke nema don hukumarsu duk maza ne. Abin ya sosa mini rai. In karɓa?

Mai karatu daga Abuja

AMSA

'Yata, barka kadai. Na fahimci abin da ya sosa miki rai, amma kada ki mayar da kujerar saboda wannan. Tun 2012 kwamitin shugabannin bankuna ya sa burin mata su kai kashi 30 cikin 100 na hukumomin bankuna, ƙa'idar Babban Banki ta 2023 kuma ta hana hukumar banki ta zama jinsi ɗaya, sauran kamfanoni suna bin sawu. An yi haka ne don an daɗe ana tsallake mata masu cancanta, ba don a yi wa marasa cancanta alfarma ba. Mazan da ke zaune a can ma kowa da dalilin da ya kai shi, wani don jarinsa, wani don sunan gidansu. Mata ƙwararru suna da yawa, ke aka kira.

Ki yi duk binciken da na lissafa wa ɗan'uwanmu na Kaduna, ki ƙara da tambayar ko kamfanin yana biyan diyyar masu inshora a kan lokaci, don nan ne mutuncin kamfanin inshora yake. Hukumar NAICOM mai kula da harkar inshora za ta tantance ki, ki kuma sami izinin wurin aikinki a rubuce. Sharaɗi ɗaya nake so ki kafa tun kafin ki sa hannu: a sa ki a kwamitin haɗari ko na binciken kuɗi. Kin fito daga sadarwa, kin san harkar bayanan jama'a da tsaron kwamfuta, ga Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta hau kan kowane kamfani, kuma da wuya a sami wanda ya fi ki sanin wannan a teburin. Ki karanta takardun zama tun kwanaki kafin ranar. Duk lokacin da ba ki yarda da wani hukunci ba, ki faɗa da ladabi, ki ce wa sakatare ya rubuta cewa ba ki amince ba, sannan a zama na gaba ki duba ko ya rubuta. Ƙungiyar WIMBIZ ta mata masu shugabanci da kasuwanci tana da shirin horar da mata kan zaman hukuma, ki neme su.

TAMBAYA

Alhaji, ni ma'aikacin gwamnatin jiha ne. Surukina zai yi rajistar kamfanin kwangila, ya ce in ba shi lambar NIN ɗina da hoto a sa ni darakta don a cika mutum biyu, ba ruwana da komai. Akwai matsala?

Mai karatu daga Gusau

AMSA

Akwai, Malam, har guda biyu. Ƙa'idar ɗa'ar ma'aikata da ke cikin tsarin mulkin 1999 ta hana ma'aikacin gwamnati na cikakken lokaci shiga gudanar da kasuwanci mai zaman kansa, in ban da noma. Kamfanin kwangila kuwa, wanda wataƙila gobe zai nemi aiki a gwamnatin da kake yi wa aiki, shi ne mafi haɗari gare ka. Sannan doka ba ta san darakta na suna kawai ba. Ranar da aka karɓi kuɗin aiki ba a yi ba, ko aka ci bashin banki, ko haraji ya taru, sunayen da ke rajistar CAC ake bi, kuma cewa ba ka san komai ba ba ta fitar da kai.

Ba sai kun ɓata da surukinka ba, don buƙatar tasa ma ta wuce. Tun da CAMA ta 2020 ta fara aiki, mutum ɗaya yana iya kafa ƙaramin kamfani, ya zama shi ne mai hannun jari shi ne darakta. Ka gaya masa haka cikin girmamawa, ka ce ya tambayi lauyan da ke yi masa rajistar. Idan kuma ka riga ka ba da takardunka, ka rubuta takardar ajiye muƙami mai kwanan wata, ka riƙe kwafin da aka sa wa hannun karɓa, ka tabbatar kamfanin ya shigar da canjin a CAC, sannan ka sa lauya ya ciro maka rahoton matsayin kamfanin ka ga sunanka ya fita.